Ƙafa, Baki, Sannan Kyamara: Jagorar Ɗaukar Hoto a Titi da Kasuwa

Duk wanda ya rataya kyamara a wuya ya shiga Kasuwar Kurmi, ko babbar kasuwar Damagaram, kafin ya yi taku goma an gan shi. Yara za su biyo shi suna "mai hoto, ɗauke ni", wani dattijo zai juya masa ƙeya, wani kuma zai tare shi da tambayar da ba ta canjawa: "Malam, ina za ka kai shi?" Yawancin abin da aka rubuta game da wannan sana'a an rubuta shi ne a biranen da mutum ke iya ɓacewa cikin jama'a. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da ake wa kallon uban hoton titi, yakan rufe ƙyallin ƙaramar kyamararsa Leica da baƙin tef, ya ratsa titunan Faris ba wanda ya kula da shi. A garin da ake sanin ɗan gidan wane ne kai, inda wucewa ba gaisuwa ma laifi ne, wannan dabara ba ta da kasuwa. Mu hanyar ɓacewarmu daban take: ka daɗe a wuri har a gaji da kallonka.

Aiki iri biyu ne ake yawan haɗawa a baki ɗaya. A hoton titi, mutum da haske da wuri ne ke haɗuwa na ƙiftawar ido, ka kama ko ka rasa, kuma hoton zai tsaya da ƙafarsa ko ba a rubuta komai a ƙasansa ba. Hoton shaida kuwa, wato na adana yadda mutane ke rayuwa, aiki ne na watanni ko shekaru a kan magana ɗaya, ana auna shi da jimillar hotunan da gaskiyar bayanin da ke tare da su. Kayan aikin ɗaya ne, yawon ma ɗaya ne, alkawarin da ka ɗaukar wa kanka ne ya bambanta.

Batun kyamara kada ya tsayar da kowa. Babbar kyamarar bayan yawancin wayoyin hannu tana gani da faɗin ido mai milimita 24 zuwa 28, kuma da mai 28 ɗin Garry Winogrand ya shafe shekaru yana ɗaukar titunan Amurka. Cartier-Bresson ya fi zama a kan mai 50. Wanda ke da kyamarar da ake canja wa ido, ya zaɓi guda tsakanin 28 da 50 ya bar shi a jiki na wasu watanni, har ya zama kafin ya ɗaga kyamarar ya riga ya san iyakar abin da zai shiga hoton. Dogon ido mai zuƙo nesa yana da rana a filin ƙwallo, amma a unguwa illarsa biyu. Yana matse na gaba da na baya, mai kallo ya ji daga nesa yake leƙe. Sannan yana mayar da kai abin zargi. Wanda ya laɓe a gindin bishiya yana auna jama'a da doguwar kyamara, ba sai an faɗa maka sunan da za a kira shi ba. Robert Capa, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu hoto ta Magnum a 1947, ya shahara da cewa in hotonka bai yi kyau ba, to ba ka matsa kusa ba ne. Mai waya kuma ya daina buɗa yatsu a kan allo don zuƙowa, domin sau da yawa yanke hoton kawai wayar ke yi ta kumbura shi. Ya kashe abin gyaran fuska da wanda ke dusashe baya, ya goge gilashin kafin ya fara. Maiƙon yatsa ya ɓata hotuna fiye da arhar waya.

Saitin kyamara a gama shi tun daga gida, titi ba ya jiran mai latse-latse. Ƙofar haske a sa ta f/8, don na kusa da na nesa su fito tare. Saurin ƙiftawa kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa ga mai tafiya a ƙasa, 1/500 ya fi kwanciyar rai, keke da babur kuwa sai 1/1000. ISO, wato ƙarfin jin haske, a bar wa kyamara ta zaɓa, a yi mata iyaka a 3200 ko 6400. Hoto mai ɗan yashi-yashi, irin wanda babban ISO ke kawowa, ana iya zama da shi, wanda ya girgiza kuwa ba shi da magani.

Akwai wata tsohuwar dabara da har yau ta fi sababbin kyamarori sauri, ita ce tsayar da gani a kan tazara guda. Ka hana kyamara neman gani da kanta, ka murɗa zoben idon zuwa mita 3, ka ƙyale shi. A kyamara mai cikakkiyar sensa, ido mai milimita 35 a f/8 zai fito da komai ras daga kusan mita 2 zuwa mita 7. Mai 28 kuwa daga wajen mita 1.5 har can ƙarshen layi. Abin da ya rage shi ne ka koya wa idonka tsawon mita 3, wajen taku huɗu na babban mutum. Duk wanda ya shigo wannan fili, latsawa kawai za ka yi.

Haske ne inda ƙasarmu ta fi ba mai hoto wuya. Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin tsakiyar duniya, saboda haka da tsakar rana hasken daga bisa ka yake saukowa, ya zuba inuwa cikin kwarmin ido da ƙarƙashin hula, fuska ta yi duhu, ƙasa ta yi fari fat. Lokutan alheri gajeru ne: daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar zuwa faɗuwarta. Magariba a nan ba ta jan ƙafa yadda take yi a Turai, kafin ka gama gyara tsayuwa haske ya tafi. Wanda ke son hasken la'asar sakaliya, ya kasance yana wurin tun kafin a kira sallar.

Sai matsalar da kowane mai hoton biki ya sani: baƙar fuska cikin farar shadda a rana. Ma'aunin hasken kyamara ƙoƙarinsa ya mayar da duk abin da ya gani toka-toka. Idan fari ya yi yawa a hoton sai ya rage haske, fuskar ta nutse. In ka ƙara don fuskar, aikin wuyan rigar ya ƙone, kuma abin da ya ƙone a hoton zamani ba ya dawowa. Tsohuwar matsala ce. Kamfanin Kodak ya yi shekaru yana daidaita launin wankin hoto da kati mai ɗauke da hoton farar mace, baƙar fata ba ta cikin lissafi. Maganin da ke cikin na'ura shi ne ka ɗauka a tsarin RAW, ka rage haske daidai yadda farin ba zai ƙone ba, daga baya ka buɗe inuwar a kwamfuta. Maganin da ya fi wannan yana ƙafarka: ka nemi wurin da hasken ya riga ya gyara kansa. Bakin zaure, gefen rumfa, ƙofar shago, duk inda mutum ke zaune a inuwa alhali yashin da ke gabansa yana shan rana yana mayar masa da haske a fuska. Ba fitilar ɗakin hoto da za ta ba ka irin wannan. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hoto a Bamako a 1948, a tsakar gida yake zaunar da mutane da hasken Allah, kuma har yau ba a cika samun wanda ya fito da kyan baƙar fata kamarsa ba. Inuwar dogon yaro kuwa a yi hattara da ita, hasken da ke ratso ganye yana yi wa fuska tabo-tabo. Haka tamfol mai launi da ake rufe layukan kasuwa da shi: shuɗi zai shuɗanta kowa. Ko dai ka karɓi launin a matsayin gaskiyar wurin, ko ka mayar da hoton fari da baƙi.

Tsakar ranar ma ba asara ba ce ga wanda ya daina faɗa da ita. A lungunan cikin birni, inda dogayen katangu ke barin rana ta sauko a tsaga guda, ka auna haske a kan tsagar, ka bar sauran ya yi baƙi ƙirin, ka jira mai shiga cikinta. Hazon hunturu kuma yana tausasa hasken yini gaba ɗaya, yana kashe launi, yana haɗiye nesa. Ga fuska alheri ne, ga na'ura musiba. Kada a canja ido a waje lokacin ƙura, kuma a hure gilashi kafin a goge shi, in ba haka ba da kanka za ka karce shi. Damina ta fi kowane lokaci launi, musamman idan baƙin hadari ya tsaya bayan jar katangar da rana ke duka.

Da dare, fitilar mai shayi da ta mai tsire sun isa. Ka buɗe ƙofar haske zuwa f/2 ko abin da idonka ya iya, ka sauko 1/125, ka tsaya ta inda fitilar ke dukan fuska daga gefe. Filasha a bar ta a jaka. Akwai Ba'amurken nan Bruce Gilden da ya yi suna da haska wa masu wucewa filasha a fuska ba sallama. Mai sha'awar salonsa ya gwada a tashar mota ya zo ya ba mu labari. Malick Sidibé ma ya yi ta amfani da filasha a wuraren rawar samarin Bamako a shekarun 1960, amma shi gayyatarsa ake yi, da safe kuma su biyo shi shago su zaɓi nasu.

A kan titi mai hoto ko dai mafarauci ne ko mai fatsa. Mafarauci yana tafe yana dube-dube, abin da ya gilma ya ɗauka. Mai fatsa wuri yake fara samu, ya zauna. Ga mai koyo, kuma ga garuruwanmu, hanya ta biyun ta fi. Ka fara da baya: katanga mai zane, ƙofar gari, allon talla, inuwar da ta raba titi biyu. Ka gyara tsayuwarka har gefuna huɗu su tsabtata, ba turken lantarki da ya tsiro daga kan wani, ba rabin mota a kusurwa. Sannan ka jira wanda zai cika gurbin. Shahararren hoton Cartier-Bresson na 1932, na mutumin da ya yi tsalle bisa kududdufi a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare, ta tsagar shinge ya ɗauke shi. Ruwan da allon tallar mai rawa da ke can baya duk suna nan tun kafin mai tsallen ya iso. Zaman nan yana da wata riba: bayan rabin sa'a yara sun watse, mai shago ya koma cinikinsa, ka zama ɗaya daga cikin kayan wurin.

Idan abu ya fara faruwa, kada ka latsa sau ɗaya ka sunkuya duba allo. Wannan sunkuyon ya cinye hotuna masu yawa. Ka ci gaba da ɗauka, ka matsa taku ɗaya, ka durƙusa, ka koma hagu, har abin ya ƙare. Ka lura da hannu fiye da fuska, domin a kasuwa hannu ne ke magana: mai ƙirga canji, mai girgiza mudu, mai cewa albarka. Mai tafiya kuma ya fi kyau lokacin da ƙafafunsa suka rabu. In ka fara gwanancewa, nemi hoto mai hawa uku, wani abu kusa da kai, babban al'amarin a tsakiya, wani kuma can baya, kowanne bai rufe ɗan'uwansa ba. Tsayin kyamara ma abin dubawa ne. Vivian Maier, mai rainon yara a Shikago da ta bar hotuna sama da 100,000 waɗanda ba a san da su ba sai a 2007, da Rolleiflex take aiki, kyamarar da ake riƙewa a ciki ana duba ta daga sama. Shi ya sa mutanen hotunanta ke da kwarjini, daga ƙasa aka kalle su, kuma ba ƙarfen da ya rufe fuskarta tsakaninta da su. Allon da ke lanƙwasawa a kyamarorin yanzu yana yin wannan aikin.

Amma duk wannan bayan baki ya gama nasa ne. Kasuwa tana da sarki, tasha tana da shugabanni, unguwa tana da mai unguwa, majalisar ƙofar gida ma tana da wanda ake jin maganarsa. Zuwan farko ka tafi kyamara na cikin jaka. Ka yi sallama, ka gaida mutane yadda ya kamata, ka faɗi ko kai wane ne da inda ka fito. Tambayar "ina za ka kai shi" tana da haƙƙin amsa, kuma amsar ta zama gajeriya ta gaskiya: "Baba, tarihin sana'ar nan nake tarawa, zan sa a intanet, in an wanke kuma zan kawo maka naka." In jarida za ka sayar wa, ka faɗa. Ƙaryar da ka yi yau, wani mai hoton ne zai biya ta gobe.

Wasu za su ce neman izini yana kashe hoto, tunda da ka tambaya mutum zai miƙe ya gyara hula ya ƙame. Gaskiya ne zai ƙame. Ka ɗauki wannan hoton, nasa ne, ka nuna masa a allo a yi dariya. Sannan kada ka tafi. Ka ce, "Ci gaba da aikinka, Malam, ni ina nan gefe." Ba mai iya ƙamewa har abada alhali mai saye na jira. Hoton da ka zo nema yana zuwa ne bayan wancan. Izini ɗaya da aka bayar da safe yakan ishe ka yini guda a layin, har maƙwabta su riƙa kiranka da kansu. A taron jama'a kuwa, inda ba yadda za a tambayi kowa, ka ɗauka a fili kyamara a bayyane. Wanda ya haɗa ido da kai ka ɗaga masa hannu, wanda ya ɗaga maka nasa alamar a'a ka sauke. In an ce goge, ka goge a gabansa ba musu. Ni dai ban ga hoton da ya kai a tara maka jama'a a kansa ba.

Maganar na goro za ta taso. Manyan kamfanonin dillancin labarai ba su yarda a biya mutum don a ɗauke shi ba, kuma dalilinsu mai ƙarfi ne: wanda aka biya zai yi abin da yake zaton ana so. A ganina hanyar da ta fi ita ce ka zama mai ciniki. Sha shayin, sayi goron, ba da ɗinkin. Sannan ka cika alkawarin wankakken hoto. A zamanin da kowa hotonsa na cikin waya, takarda guda da mutum zai liƙa a bangon shago tana buɗe ƙofofin da kuɗi ba sa buɗewa.

Akwai inda ba a ɗaga kyamara ko da wasa: shingen jami'an tsaro, bariki, ofishin 'yan sanda, gidan yari, da duk wurin da ka ga bindiga a ƙofa. Masallaci da maƙabarta sai da izinin masu kula da su. Matar mutane kuwa, kada namiji ya ɗauke ta ba tare da yardarta ba, a wasu gidajen ma yardarta kaɗai ba ta kashe magana. Wannan ya sa rabin rayuwar ƙasar Hausa kusan babu shi a hoto, kuma mata masu kyamara ne kaɗai za su iya cike giɓin: cikin gida, kamu, lalle, suna, sana'ar da ake yi a tsakar gida ana aika yara da ita. Su ma da sharaɗin a fayyace wa matan inda hoton zai je, don abin da aka yarda a ɗauka ba lallai an yarda a watsa ba. Yara kuma a nemi babbansu. A nan zan faɗi abin da ke raina game da hoton almajiri da roba a hannu: an ɗauke shi har ya gaji, shi ne mafi sauƙi saboda yaron ba shi da mai hanawa, kuma bai cika gaya wa kowa sabon abu ba. Mai son wannan batu da gaske ya je wurin malamin tsangaya, ya zauna, ya ga karatun asuba da wankin allo da ranar sauka. Fati Abubakar ta nuna hanya da aikinta Bits of Borno da ta fara a 2015: lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Maiduguri sai gawa da kango, ita ta riƙa fito da 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar Sallah, ba tare da ta ɓoye wahalar ba.

Wanda zai shiga aikin shaida, ya zaɓi batu ƙarami kuma na kusa, wanda zai iya komawa gare shi ba kuɗin mota. Marinar Ƙofar Mata da hawan Sallah, wanda UNESCO ta sa na Kano cikin jerin al'adun duniya a Disamban 2024, ba su rasa masu ɗauka ba. Abin da ke ɓacewa shi ne wanda kowa ya raina. Bayan shigowar wayar salula Najeriya a 2001, kowace kwana akwai lema da tebur da mai buga waya a biya. Yau ina suke, kuma wa ya adana su? A Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, sana'ar dubban mutane ta kau daga titi kusan dare ɗaya. J.D. 'Okhai Ojeikere ya fahimci wannan tun 1968, lokacin da ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya, sau da yawa ta ƙeya, a gaban bango marar ado, kowanne da sunan salonsa, har ya tara kusan 1,000. Kowane ɗaya shi kaɗai hoton kai ne kawai; tarin ne ya zama taska. Mai garuwa, wanzami, mai gyaran rediyo, mai rubuta wasiƙa a bakin kotu, duk suna jiran irin wannan naci.

In labarin mutum ɗaya za ka bi, W. Eugene Smith ya bar abin koyi. A 1948 ya yi kwana 23 yana bin wani likitan ƙauye a jihar Kolorado, mujallar Life ta buga. Abin lura shi ne yadda hotunan suka bambanta da juna: ga likitan yana ratsa fili da jakarsa, ga shi a kan aiki, ga shi ya jingina a gajiye da kofi a hannu. Kai ma ka tabbata kana da mai faɗi da ke nuna wurin, da na aiki, da na kusa sosai, da fuska, da mu'amalarsa da wasu, da lokacin da ba abin da ke faruwa. Mai shayi ba zuba shayi kaɗai yake yi ba. Akwai hura wutar asuba, akwai littafin bashi, akwai wanke kofuna bayan kowa ya watse. Kowace dawowa ka duba abin da ka tara, ka ga wanne ne babu, shi za ka je nema gobe.

Wannan aiki yana da haram guda biyu. Ba a shirya abu a ce kama shi aka yi. In kai ka tsayar da mutum, ka faɗa a bayani. Ba a kuma cire komai ko ƙara komai. Gyara haske da launi da yanke gefe halas ne, goge leda ko wayar lantarki ba halas ba, duk da wayoyin yanzu da shafa yatsa ɗaya suke yi. A Janairun 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da Narciso Contreras, wanda ke cikin waɗanda suka ci kyautar Pulitzer shekara guda kafin nan, saboda ya goge kyamarar abokin aikinsa daga kusurwar wani hoto da ya ɗauka a Siriya.

Kuma a rubuta suna. A Maris na 1936 Dorothea Lange ta ɗauki wata uwa da 'ya'yanta a sansanin 'yan ci-rani a Kalifoniya, hoton ya zama fuskar talaucin Amurka na wancan zamani. Ba ta tambayi sunanta ba. Sai a 1978 aka san Florence Owens Thompson ce, ta kuma nuna ɓacin ranta cewa ba ta amfana da komai ba, iyalinta suka musanta wasu bayanan da aka jingina wa hoton. Ƙaramin littafi a aljihu, ko saƙon murya da za ka yi wa kanka kafin ka bar wurin, ya wadatar: wane ne, ina ne, yaushe, me yake yi, ya yarda a ambaci sunansa ko bai yarda ba.

Zaɓe ya fi ɗauka ciwo. Robert Frank ya zagaya Amurka a 1955 da 1956 ya ɗauki sama da hoto 27,000, guda 83 kacal suka shiga littafinsa. Kada ka zaɓa a ranar da ka ɗauka, lokacin wahalar da ka sha tana nan a jikinka, za ka so hoto don rana ta dake ka a kansa, alhali mai kallo bai san da ita ba. Bari ya kwana biyu. Ka ware kaɗan, ka wanke su ƙanana, ka baje a tabarma, ka jujjuya jerinsu, ka kira wanda ba ya jin nauyinka ya duba. Biyu masu faɗin abu ɗaya, ɗaya ya fita.

Ajiya kuma wuri biyu aƙalla, ɗaya ba a cikin wayar ba, domin waya tana faɗuwa, ana sace ta, memori yana mutuwa ba sallama. Kowace jaka a kwamfuta a sa mata shekara da wata da rana da sunan wuri, a shigar da bayanin cikin hoton kansa. WhatsApp ba ma'ajiya ba ce: yana matse hoto, yana kuma zubar da bayanan da ke jikinsa, har da ranar da aka ɗauka. In dole ta nan za a aika wa edita ko mai wanki, a tura shi a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba.